Za su kai ni cin okonomiyaki a Osaka, ya zan yi da maganar alade?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace an tura shi kwas Osaka kuma abokan aikinsa 'yan Japan sun ce ranar Juma'a da daddare za su kai shi cin okonomiyaki a wani shagon unguwa, yaji ance abin kamar wainar fulawa ne amma da kabeji, shi dai yana so ya san mene ne a ciki, ya ake ci kada ya ji kunya gaban mutane, sannan babbar damuwarsa ita ce naman alade.

Toh Malam, na zauna a yankin Kansai, inda Osaka take, ina karatu kuma na yi aikin wucin gadi a bayan irin faffaɗan ƙarfen da ake soya shi a kai, don haka bari in gaya maka yadda abin yake. Wanda ya ce maka kamar wainar fulawa ce bai yi ƙarya ba, sai dai fulawar kaɗan ce sosai, kabeji shi ne mai gida, ƙullun aikinsa kawai ya riƙe kabejin kada ya watse. Ana kwaɓa fulawa da wani romo da suke kira dashi wanda ake yi da busasshen kifi da ganyen teku, a goga nagaimo a ciki, wata 'yar dangin doya ce mai yauƙi idan an goga ta, ita ce ke sa cikin ya yi laushi ya tashi, sai ƙwai, sai kabeji yankakke mai yawa, albasa mai ganye, jar citta da aka jiƙa a ruwan tsami, da ɓarɓashin soyayyen ƙullu da suke kira tenkasu. Duk wannan babu matsala a cikinsa in ka dube shi ɗaya bayan ɗaya. Matsalar tana zuwa ne daga abin da ake shimfiɗawa a sama, domin wanda kowa ya fi oda a Osaka shi ne buta-tama, wato mai siraran yankan tumbin alade, kuma in ka yi shiru baka ce komai ba kusan shi za a kawo maka.

Amma ka ji abin da mutanenmu da yawa ba su ganewa, cire wannan yankan naman shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Aladen yana ɓuya a wurare uku da ido baya gani, man da ake shafa wa ƙarfen, ƙarfen kansa, da kuma baƙin sos ɗin da ake shafawa a ƙarshe.

Fara da mai. Wasu shaguna man ganye suke amfani da shi, wasu kuma musamman tsofaffin shagunan unguwa da kitsen alade suke shafe ƙarfen saboda ƙamshi, suna kiransa raado, kuma mai shagon ba zai ɗauka ya saka maka alade ba domin a wurinsa ai mai ne kawai ba nama ba. Don haka bayan ka ce "butaniku nuki de onegaishimasu", wato a cire naman alade, dole ka ƙara tambaya "raado wa tsukatte imasu ka", kuna amfani da kitsen alade? In ya ce eh sai ka roƙi a yi maka da sarada abura, man ganye kenan, yawanci suna da shi a kicin kuma ba sa jin haushi. A nan kuma ka tambayi romon ƙullun, galibi na kifi ne amma akwai shagunan da suke haɗa romon ƙashin kaza ko na alade don ya ƙara daɗi, shi kuma wannan an riga an kwaɓa tun safe ba a iya cire shi, in haka ne sai dai ka haƙura da wainar ka ci wani abu daban.

Sai ƙarfen, teppan suke ce masa, kuma a nan ne zaɓen shago yake da muhimmanci fiye da komai. Shaguna iri biyu ne. Akwai wanda dogon ƙarfe ɗaya ne kamar kanta, mai suya yana tsaye a bayansa ku kuna zaune a gabansa, yana soya na mutum shida ko takwas a jere, da cokula biyun nan nasa masu faɗi yake juya kowanne, kitsen na maƙwabcinka yana narkewa yana gangarowa, wallahi ko ya rantse maka bai sa alade a naka ba ya riga ya taɓa. Akwai kuma wanda kowane teburi da nasa ƙarfen a tsakiya, ana kankare shi a goge bayan kowane baƙo ya tashi. Ka ce wa abokanka tun kafin ranar su nemi irin na biyun, sannan ku yi magana, ko dai teburin naku gaba ɗaya a ci na kifi, ko kuma a fara soya naka kafin nasu a gefe guda da cokalinka daban. Ni a ganina ka nemi teburin gaba ɗaya a ci na kifin kawai, 'yan Japan idan ka faɗa musu da wuri suna ɗaukar abin da gaske har sai ka ji nauyi, abin da basa so shi ne ka zo ka zauna an gama oda sannan ka fara kawo sharuɗɗa, a lokacin kowa ya rikice, wanda ya gayyace ka ya ga kamar shi ya yi laifi. Wata 'yar matsala kuma, ko a shagon mai teburi da ƙarfe wani lokaci a babban ƙarfen kicin ake soyawa sannan a kawo muku a ajiye a naku don kada ya huce, toh ka tambaya a ina za a soya.

Na uku sos, kuma shi ne ya fi ba ni takaici domin rabin daɗin abincin a cikinsa yake. Baƙi ne mai kauri, ga zaƙi ga ɗan tsami. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Otafuku na Hiroshima, kamfanin tun 1922 yake, sun fara sayar da sos ɗin okonomiyaki a 1952, kuma abin da zai ba ka mamaki zaƙin nan da dabino ake haɗa shi, tare da tumatir da albasa da 'ya'yan itace. Amma in ka juya bayan robar wanda ake sayarwa a Japan za ka ga an rubuta akwai romon nama wanda ya haɗa da kaza da alade, da kuma ɗan sinadarin giya. Shagunan Osaka da yawa nasu suke haɗawa ko su saya daga ƙananan kamfanonin garin, kowanne da sirrinsa, yaron da ke kawo abinci ba lallai ya san me ke ciki ba. Mafita biyu ce. Shi Otafuku yana da masana'anta a Malesiya inda ake yin wanda yake da shaidar halal, ana samunsa a shagunan kayan halal da kuma ta intanet, sai ka sayi ƙaramar roba ka sa a jaka, ka ce wa mai shago "soosu nashi de", ba sos, in an kawo ka zuba naka, ka dai nemi izini tukuna saboda ladabi. Ko kuma ka ci da gishiri da mayonis da lemon tsami, ko da shoyu, ruwan waken soya. Shi shoyu na gargajiya yana da ɗan giya da ke fitowa wajen ruɓa shi, hukuncin wannan malamai sun yi magana kuma sun bambanta, ka tambayi wanda kake bi tun kafin ka tafi don kada ka tsaya kana waswasi abinci yana hucewa a gabanka.

Yanzu me za ka yi oda. Ika-tama mai ika ne, wata dabbar teku mai farin nama da ɗan tauri, ebi-tama kuma mai jatan lande, akwai mai tako wannan mai hannaye takwas ɗin, akwai mai cuku da mochi wanda ake yi da dakakkiyar shinkafa mai danƙo. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi duk abin da ke cikin teku halal ne, don haka nan ba ka da damuwa sai dai in ranka ne baya so, in karon farko ne ni dai ebi zan ce ka fara da shi. Ka kiyayi wanda aka rubuta mikkusu, wato haɗin gambiza, kusan kullum da alade a ciki, haka modan-yaki mai taliya yawanci da alade yake zuwa in ba ka hana ba. Naman sa ma da za ka gani, musamman suji wato jijiya da aka daɗe ana dafawa, ba yankan Musulmi ba ne kuma da mirin da sake ake dafa shi, su biyun duk giyar shinkafa ce. Ka haddace harafi ɗaya tak, 豚, kusan duk inda ka gan shi a menu alade ne, wannan harafin kaɗai zai raba ka da wahala mai yawa a ƙasar baki ɗaya ba a wannan shagon kawai ba. Manyan shaguna masu rassa sukan ajiye takardar da ke nuna abubuwan da ke sa mutane alaji kuma sau da yawa alade yana cikin jerin, kana iya neman a nuna maka. Amma kada ka ce musu kana da alajin alade don ka gajarta bayani, wasu suna yin haka, toh in suka ji kalmar alaji tsoro suke ji har su ce gaba ɗaya ba za su iya ba ka abinci ba, gara ka faɗi gaskiya "shuukyou no riyuu de", saboda addini ne, sun fi fahimtar haka yanzu tunda baƙi daga Indonesiya da Malesiya sun yi yawa a Osaka.

Idan duk wannan ya yi maka yawa akwai wuraren da aka tanada don Musulmi. Kamfanin Chibo, wanda yana cikin manyan masu okonomiyaki na Osaka, a 2019 ya buɗe wani sashe na musamman a unguwar Dotonbori da babu alade a cikinsa. Irin waɗannan wuraren dai ka riƙa bugawa ka tabbatar kafin ka ɗauki hanya, ko ka tambayi mutane bayan sallar Juma'a a masallacin Osaka, ko na Kobe wanda tun 1935 yake tsaye kuma bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, kusa da shi ma akwai shagunan kayan halal. Su ne suka fi kowa sanin inda ke buɗe a wannan watan.

Toh mu koma kan cin kansa, don kada ya zama duk maganar tsoro ce. Za ku shiga su yi muku ihun maraba, ba sai ka amsa ba, ka ɗan sunkuyar da kai ya isa. In wurin zama a ƙasa ne kan tabarma ka cire takalmi, don haka ka duba safarka tun daga gida. Za a kawo maka jiƙaƙƙen tawul na goge hannu da ruwan sha kyauta. Kada ka sa babbar rigarka mai tsada ko sabuwar shadda, ƙaurin mai da hayaƙi zai bi ka har gida, wasu shagunan ma kujerar buɗewa take yi ka cusa jaka da kwat a ciki saboda haka. Abokanka kusan tabbas da giya za su fara, kai ka ce uuron-cha, shayi ne mai sanyi mara sukari, ka ce "osake wa nomimasen" sau ɗaya shikenan ba mai matsa maka, su ma a cikinsu akwai waɗanda basa sha.

A Osaka yawancin shagunan da suka san kansu su za su soya maka, ko a gabanka ko a kicin, kuma in ma'aikaci ya zuba ya tafi kada ka taɓa, yana lissafin lokaci a kansa zai dawo ya juya, baƙi da yawa suna ganin an bar abu a wuta sai su kama cokali su fara taimako su ɓata. In kuma shagon da ake ba ka kwano ne ka yi da kanka, ga yadda ake yi. Ka juya abin cikin kwanon daga ƙasa zuwa sama kamar kana shigar da iska, kada ka daɗe domin kabeji zai fara fitar da ruwa ƙullun ya tsinke. Ka zuba a ƙarfe ka tattara shi ya zama da'ira, kauri kamar santimita 2, kada ka baje shi ya yi faɗi don ba za ka iya juya shi ba. Ka bar shi minti 4 ko kusa da haka sai ka ga gefen ya fara kamewa, ka sa cokula biyu ta dama da hagu ka tura su can ƙasa sosai, ka juya shi lokaci ɗaya ta wajen jikinka ba tare da shakka ba, mai jinkiri a tsakiyar juyi shi ne nasa ke tarwatsewa. Sannan babban abin, kada ka danna shi. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ka danna don ya yi saurin nuna amma in ka danna iskar da nagaimo ta riƙe ta fita ya zama danƙararre. Ka ba shi wasu minti 4 zuwa 5, ka sake juyawa, minti 2 ko 3, gaba ɗaya wajen minti 10 zuwa 12. Sai sos, sai mayonis a zana shi siri-siri, sai garin koren ganyen teku aonori, sai katsuobushi, busasshen kifi ne da aka yi wa banda ya yi tauri aka fere shi siri sosai, da ka zuba zai fara motsi yana lanƙwasa saboda tururi, kada ka tsorata ba rai gare shi ba.

Ana barinsa a kan ƙarfen ne an rage wuta, kana yanka kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokalin ƙarfe mai faɗi da suke kira kote ko hera. 'Yan gari da shi suke kaiwa baki kai tsaye, amma fa da zafi ƙwarai, in baka saba ba ka ɗora a ƙaramin faranti ka ci da tsinkaye biyun nan da suke cin abinci da su, ba wanda zai raina ka, in ma tsinkayen sun gagara ka nemi cokali mai yatsu. Wani abin dariya, mutanen Osaka murabba'i suke yanka shi kuma kowa da nasa, 'yan Tokyo kuwa sukan yanka shi kamar fiza su raba, in kana so ka ga ɗan Osaka ya ɓata rai yi masa yankan fiza. Kuma su da rana har da shinkafa da miya suke haɗa shi, abin da 'yan Tokyo ke musu tsiya a kai wai fulawa a kan shinkafa, mu dai da muke cin taliya da burodi ba mu da bakin magana.

Kafin ka tambaya, eh akwai na Hiroshima kuma daban yake, kada ka kuskura ka ce wa ɗan Hiroshima nasu kwaikwayo ne. Su ba sa cakuɗawa, jerawa suke yi, a fara shimfiɗa ƙullu siriri sosai, a tula kabeji ya yi tsauni, a sa tsiron wake, nama, a juya duka kabejin ya dahu da tururin kansa har ya sauka ya yi zaƙi, sannan a ɗora a kan soyayyiyar taliya, a ƙarshe a ɗora a kan ƙwai. Asalinsa wani ɗan abin ciye-ciyen yara ne mai arha na kafin yaƙi, bayan bam ɗin 6 ga Agusta 1945 da gari ya ƙone ba shinkafa, sai fulawar tallafi daga Amurka da kabeji suka zama abin riƙe ciki, mata da yawa da suka rasa mazajensu suka buɗe ƙananan shaguna a cikin gidajensu. Yau akwai wani gini a tsakiyar birnin, Okonomimura, hawa-hawa cike da rumfuna sama da 20 duk abu ɗaya suke sayarwa. In ka tambaye ni wanne ya fi daɗi na Hiroshima zan ce, saboda yadda kabejin ke yin zaƙi da gefen taliyar da ke ƙonewa kaɗan, sai dai gare mu shi ya fi wuya, tunda kusan kullum a dogon ƙarfe ɗaya ake yin na kowa kuma taliyar sau da yawa da kitsen alade ake soya ta. In ka je can sai ka nemi shagon da ya tanadi wuri daban, suna da kawa ta teku mai kyau a lokacin sanyi domin yankin ya fi ko'ina a Japan samar da ita. Shi kuwa monjayaki na Tokyo, na unguwar Tsukishima, ruwa-ruwa ne ana kankararsa daga ƙarfe da ɗan mitsitsin cokali, wannan wani zancen ne daban.

Kuɗi ba wani mai yawa ba ne, guda ɗaya yawanci tsakanin yen 900 zuwa 1,500 ne gwargwadon abin da aka sa, kuma guda ɗaya yana ƙosar da babban mutum duk da a ido zaka ga kamar ƙarami ne. Ka riƙe tsabar kuɗi don ƙananan shagunan unguwa ba duka ke karɓar kati ba, a kanta ake biya wajen fita, kuma ba a barin tukuici, in ka bar canji a teburi za su biyo ka da gudu su maido maka. Tunda su suka gayyace ka wataƙila babban cikinsu ya biya, ka ɗan yi yunƙurin ciro walat sau ɗaya in ya hana ka bari, ka ce "gochisousama deshita" gare shi da kuma mai shagon, washegari a ofis ka sake yi masa godiya, wannan ta biyun suna lura da ita sosai.

Abin da zan ce ka yi yau ɗin nan kafin Juma'ar shi ne ka tura wa wanda ya gayyace ka saƙo gajere, ba alade, ba kitsensa, ba sos na shago, ba giya, kifi da jatan lande da ƙwai duk ina ci, ka roƙe shi ya buga wa shagon ya tambaya da yarensu, shi minti biyu zai ɗauke shi kuma amsar da mai shago zai ba shi ta fi wadda zai ba ka kana tsaye kana haɗa Japananci da hannu.